Madannin da Ya Ɓuya a Ƙasan Allo

Duk tsufan da zan yi, ranar da wata mai buga takardu a Yelwa ta ceci karatuna ba za ta fita daga raina ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma laftof ɗina ƙarama ce ƙwarai, abokaina har allon makaranta suke ce mata. Saura lissafin babi na huɗu in gama furojet. Amma duk sanda na buɗe manhajar lissafin, akwatin da ke fitowa ya fi allon tsawo, madannin da zan danna aikin ya tafi kuwa yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Kwana biyu ina fama. Ga malamin da ke duba aikina zai yi doguwar tafiya da la'asar, in bai sa hannu ba sai in ƙara shekara.

Na shiga shagon mai buga takardun ne don in ari babbar kwamfuta, sai na tarar babu manhajar a ciki. Dattijuwa ce 'yar Bogoro, tabarau a kan hanci. Da ta ce in miƙo laftof ɗin, gaskiya na raina ta. Ni da nake jin kaina ɗan boko, me mai buga takardu za ta nuna min?

"Ɗana, kwamfutan ka ba shi da laifi," in ji ta. "Faɗi ne da shi, tsawo ne babu."

Ta kama sandar nan mai ɗauke da alamomin manhajoji da ke kwance a ƙasan allo, ta ja ta ta tsayar a gefen hagu. Ta rage girman rubutu, ta matse kan akwatin, ta ɓoye duk wani layi da ba na amfani da shi. Da ta sake buɗewa, sai ga madannin ya leƙo. Na danna, lissafi ya zubo.

"Mama, a ina kika koyi wannan?"

Ta yi dariya. "Ɗaki ɗaya nake haya, mu biyar. In ƙasa ya cika, ƙusa kake bugawa a bango ka rataye kaya. Shi ne kawai na yi."

Kunya ta kama ni, sai godiya nake ta jerawa. Ita ta buga min babin, na hau keke, na samu malamin yana kulle ofis. A kan but ɗin motarsa ya sa hannu.

Yau allon da ke ofishina ya kusa kai talabijin, amma sandar tana gefen hagu, kuma ba na barin kowa ya mayar da ita ƙasa. Matar nan ta koya min cewa kafin in yi kukan wuri ya yi min kaɗan, in fara duba yadda na jera kayana. Tun ranar kuma ban sake raina wanda ya ce in miƙo ya gani ba.