Likitan Indiya Da Ya Ce Fuɗu

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon tura fina-finai a waya kusa da tashar Tambuwal, saura ƙiris in kashe wa ƙanena sana'arsa da bakina. Ɗazu na ga hotonsa manne a bayan wata motar haya, abin ya dawo mini sabo, na ce bari dai in ba ku labarin ko da ni ne zan sha kunya a ciki.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kebbe, manoman gero da dawa. Ni ne babba, shi ke bi na. Tun muna yara ba shi da aiki sai kwaikwayon mutane, daga ladan har dillalin shanu ba wanda ya bari. Wata rana ya kwaikwayi tafiyata a gaban 'yan mata, haushi ya sa na ture shi daga kan jaki, haƙorinsa na gaba ya gutsure. Da ya gama sakandare ya ce shi Kano zai tafi ya zama ɗan fim. Mahaifinmu ya ja ya ja, daga baya ya sa masa albarka da sharaɗi guda: ranar da aka kama shi da ƙarya ko abin kunya, ya tattaro kayansa ya dawo gona.

Ba a faɗa da baki ba, amma ni aka naɗa ɗan sa ido. Ai ni ne masani, ko ba haka ba? Duk fim ɗin da ya fito sai ya bi ta kwamfutata kafin ya shiga wayar mutanen gari. Duk sanda na je gida, bayan gaisuwa tambayar mahaifinmu ɗaya ce: "Ka gan shi cikin akwatin nan naka?" Ni kuma in ce, "Tukuna dai, Baba."

Shekara ɗaya, biyu, har uku, amsar ba ta canza ba. In na kira shi sai ya ce yanzu fitila yake riƙe wa masu ɗauka, ko shi ke sayo wa 'yan wasa abinci, wai haka kowa ke farawa. Sau ɗaya ya kira ni da murna ya ce in duba wani fim, wurin zaman makoki, shi ne na uku daga hagu. Na tsayar da hoton, na ƙara girmansa har ya dushe. Ƙeya ce kawai da hula. To ƙeya kuwa wa ya rasa ta?

Daga nan zuciyata ta fara saƙe-saƙe. Wayarsa a kashe take tun safe har la'asar. In an yi sa'a ya ɗauka, da raɗa zai ce, "Yaya, zan kira ka," ya katse. Muryarsa kuma kullum a dishe. Ni da ke zaune bakin tasha na ga yaran da suka tafi birni da hankalinsu suka dawo suna layi saboda ƙwaya, na kuma ji labarin masu damfarar mutane ta waya. Sai na riƙa haɗa wannan da wancan. Da ya zo Babbar Sallah, ya fita gaishe-gaishen dangi, na buɗe jakarsa na bincike ta tas. Ba na alfahari da wannan, amma na yi. A ƙasan kayan na tarar da kwalbar maganin tari, an sha rabi. Na ce shi ke nan, yaro ya faɗa shan kodin.

Da yamma na ja shi bayan rumbu na ce ya gaya mini gaskiyar abin da yake yi a Kano. Sai ya ce, "Yaya, aikin murya nika yi. Fassarar fina-finan Indiya. Ɗaki na da anka toshe ko'ina, ba a shiga da waya kunne. Shi as sa ba ka samuna." Ya ce bai faɗa a gida ba don ya yi alkawarin fuskarsa za a gani, yana jin nauyi ya ce har yanzu a bayan fuskar wani yake. Ya ba ni sunan wani fim, ya ce shi ne muryar likita.

Ina komawa Tambuwal na kunna shi. Wani likita ne mai furfura da tabarau, yana zuba Kananci tsantsa da murya mai kauri kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Na yi dariyar takaici. Ƙanena da ba ya haɗa kalma uku ba "nika" ko "wanga" a ciki, shi ne wannan? Nan take na kira shi na ce, "In kai ne, yi mini muryar yanzu in ji." Ya ce yana cikin a-daidaita-sahu, mutane na jin sa. Na ce ba ruwana. Sai ya ce, "Yaya, ni ba abin wasa ba na," ya kashe. A wurina magana ta ƙare: ga shaye-shaye, ga satar aikin wani.

Na je gida na samu mahaifinmu yana gyaran ƙotar kalme, wato fartanya. Maganar fassara ko ɗaga ta ban yi ba, tunda na riga na yanke ƙarya ce. Na ce, "Baba, yaron ga ba fim shika yi ba," na kawo zancen kwalba. Tsohon bai ɗago kai ba. Ya ce in kira shi in gaya masa ya iso gida kafin shuka, kuma ya zo da kayansa duka. Mahaifiyata tana bakin murhu tana jin mu, ta yi ta tura wuta alhali tana ci.

Da na isar da saƙon ya roƙe ni Allah ya roƙe ni Annabi in nema masa kwana goma. Wai a karon farko an ba shi fitowa da fuskarsa, direban wani attajiri, har da magana. Na ce, "Wata sabuwa kuma? Kai dai ba ka gajiya." Ya ce, "To, Yaya. Ka ce ma Baba ina tafe ran Laraba." Wallahi har wani daɗi na ji, ina ganin na ceto ɗan'uwana daga halaka.

Ranar Larabar kuwa mahaifiyata ta shigo Tambuwal ganin likitan ido. An ɗiga mata magani an ce ta guji rana, sai na zaunar da ita kan benci a cikin shago, ta ja mayafi ta rufe fuska, muna jiran motar ƙauye ta cika. Wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, ya shigo ya ce in tura masa fassara mai daɗi, amma in kunna ya ɗan ji tukuna. Hannuna ya faɗa kan fim ɗin nan na likita, don yana cikin masu tafiya a lokacin, ya yi ta kaɗawa a sifikar shagona ba adadi. Na tura shi tsakiya. Likitan yana miƙa wa wata mata kwalba yana cewa, "Ki riƙa ba shi wannan sau fuɗu a rana, in sha Allahu zai samu sauƙi."

Sai na ji daga ƙarƙashin mayafi an ce, "Kai wanga, mai da baya."

Da yake ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Na ce, "Inna, fim ɗin Indiya ne fa." Ta ce ta sani, in mai da baya. Na mayar, likita ya sake cewa sau fuɗu.

Ta ce, "Ɗana na."

Amma taurin kai bai bar ni ba. Na ce ai Bakano ne, ba ta ji harshensa ba? Ta yaye mayafin, idanunta a rufe suna ta ruwa, ta ce, "Kullum rediyo nika saurare. Yaushe ka taɓa jin Bakano ya ce fuɗu? Huɗu suka cewa." Na ce to ai Sakkwatawa sun yi yawa a Kano. Ta ce, "Sake sa shi, ka kasa kunne. Ba ka ji iska na fita ta haƙorin da ka karya mai ba?"

Na sake sawa. Jama'a, ga shi nan, ɗan siririn fito a kan kalmar, wanda na yi shekara da shekaru ina ji a ɗakinmu. Daga nan kamar an cire mini auduga a kunne, duk inda likitan ya buɗe baki ƙanena nake ji, har yadda yake ɗan gyaran murya kafin ya yi tambaya. Ɗan kabu-kabu ya ce, "Malam, za a tura ko in tafi?" Ban ma san me na ce masa ba.

Nan da nan na kira ƙanena in ce kada ya taso. Ya ce sun wuce Gummi.

Da la'asar ya iso Tambuwal, mu uku muka shiga motar ƙauye, shi da jakarsa da tabarmarsa a naɗe. Muna isa gida mahaifiyata ta karɓi wayata, wadda na tura fim ɗin a ciki, ta kai wa mahaifinmu da kanta. Ya saurara sau uku, ya dubi ƙanena ya ce, "Likita na? Magani shika badawa?" Aka ce masa e. Ya ce, "To wanga ba abin kunya ba na." Sannan ya juyo ya yi mini wani irin kallo, ni kuwa da ma zagina ya yi. Kwalbar nan ashe maganin tari ne na gaskiya, har da zuma da citta yake haɗawa saboda maƙogwaro, don wani lokaci yini guda yake yi yana ihu a madadin mutum uku.

An bar shi ya koma, amma fitowar direban ta riga ta wuce. Tun ranar da na kira shi ya je ya ba daraktan haƙuri, aka ba wani. Sai da ya ƙara shekara biyu a ɗakin nan da aka toshe kafin a sake ba shi wata damar.

Ni na raka shi tasha ranar da zai koma. Na ce ya yafe mini, ya ce ba komai, ya wuce. Don in rage nauyin da ke kaina sai na shiga tsokanarsa, na ce duk iya Kanancinsa fuɗu ta tona masa asiri. Ya yi murmushi ya ce e, suɓutar baki ce, kuma mai haɗa sauti ya kama ta a take ya ce a sake. Shi ne ya roƙe shi ya bar ta.

Na ce don me?

Ya ce, "Don kai na bar ta, Yaya. Na san fim ɗin zai biyo ta shagonka. Na ce ko kowa bai gane ni ba, kai za ka gane."

Yanzu ƙanena ya yi suna, mutane na zuwa har inda nake su ce in gaishe shi, wasu ma suna cewa ai ni na tsaya masa tun farko. Ba na gyara musu, amma ba na amsawa. Abin da na gane shi ne, ranar da na kunna fim ɗin nan ba ƙanena na shiga nema ba, ƙaryarsa na shiga nema, kuma da ita kaɗai na fito. Tsohuwa da idonta a rufe ta gane ɗanta da kalma ɗaya, ni mai ido biyu da kwamfuta na yi wata da watanni ina sayar da muryarsa ga mutanen Tambuwal. Shagon na daɗe da rufe shi, fina-finan duk na goge, wannan ɗaya ne kawai na bari a wayata. Har yau in likitan ya zo kan sau fuɗu sai na tsayar, don ban taɓa iya kallon abin da ya biyo baya ba.