Kafaɗa ta Huɗu a Makarar Baba Yunusa

Baba Yunusa masunci ne a Gaya ta Nijar, amma gawarwakin da ya ciro daga kogin Kwara sun kusa fin kifinsa. Duk baƙon da ruwa ya ci, shi ke yi masa sutura kyauta. Ya gaji aikin daga marigayi Malam Abdurrahman, wanda ya sha ɗauri a hannun jandarma don ya dage cewa bawa da ɗa, baƙo da ɗan gari, maƙabarta ɗaya za su kwanta.

Wata Laraba da rana tsaka ruwa ya kawo gawar wani mutum da igiyar wuri ɗaure a ƙugunsa. Ba wanda ya san shi, balle addininsa. Jama'a suka ja da baya, gawa kuwa ta fara kumbura. In ba a ɗauke ta ba, ungulu ne za su yi jana'izar.

Ni da ke taya Baba aiki na ce, "Baba, tura shi Benin mana, ba shi da bizar shigowa."

Ya ce, "Ado, tun da lakwal, makarantar bokon nan, ta kore ka bakinka kaɗai ke aiki. Kama nan."

Mu uku ne kawai: ni da Baba da wani kurma mai ɗinkin taru. Makara kuwa kafaɗa huɗu take so. Muka ɗaga, ina jiran ta karkace. Ba ta karkace ba. Gefen da ba kowa ya tashi daidai da nawa, har ina jin numfashi kusa da kunnena.

Baba bai waiwaya ba. Ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Malam Abdurrahman. Bi da yaron sannu."

Har muka binne mutumin ban ƙara cewa uffan ba.