Tsattsewa Tana Tsaye Aka Kashe Cha'ibu

Daga Allah muka zo, kuma ko mun shirya ko ba mu shirya ba gare Shi za mu koma. Ranar Lahadi, goma sha uku ga watan Oktoba na shekarar 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Cha'ibu Na'Allah a kan hanyar Bengu, yana da shekara sittin da uku. An yi masa sutura a nan Gaya bayan sallar la'asar. Ya bar matarsa Zalika da ƴaƴa biyar da jikoki tara.

Na jinkirta wannan rubutu har aka yi addu'ar bakwai, ina jiran zuciyata ta huce. Ba ta huce ba. Wanda ya zo neman kalamai masu sanyi ya yi mini haƙuri.

Cha'ibu, garin nan ya yanke maka hukunci tun ba a gama yi maka wanka ba. A tasha da bakin kasuwa da cikin wayoyin mutane magana ɗaya ake yi, wai tsoho mai tsere da mota ya gamu da abin da yake nema. Wani marar kunya ya ɗauki hoton motarka a ragargaje ya watsa, har da dariya a ƙasan hoton. Ni Yacuba, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ake kira Mushe kamar kowane malami a nan, abokinka na shekara arba'in, ina tsaye taku goma daga inda abin ya faru. Ƙarya suke yi maka, kuma zan faɗi yadda aka yi.

Amma sai na fara da motar, tunda da ita ake zaginka.

Shekara ashirin da bakwai ka yi kana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Yamai, ba ka taɓa taka ko akuyar wani ba. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan, cikin 1996, ka hango wata ƴar mota a bayan wani garaji a Kwatano, ƙirar Turai ta 1978, kujera biyu, ƙofa biyu, gajeriya kamar za ta lashi ƙasa. Ba taya, ba gilashi, kaji na ƙwai a inda direba ke zama. Ka ɗora ta a kan lodin shinkafa ka tsallako gadar Malanbil da ita. Ranar da aka sauke ta a ƙofar gidanka unguwa ta taru tana dariya, ni ma na yi. Ka dube ni ka ce, "Mushe, ka yi dariyarka ta ishe ka. Kai za ka fara roƙon a ɗauke ka."

Shekara shida ka yi a kanta. Ka warware injin ƙusa-ƙusa a kan tabarma, ka wanke kowane ƙarfe da kananzir, ka mayar. Abin da ba a samu a Malanbil ba ka nemo a Kamba, abin da ba a samu ko'ina ba ka zana a takarda ka kai wa maƙeri. Baduku ya ɗinka mata kujeru da jar fatar akuya. Ka ɗaga ta kaɗan saboda ramukan hanyarmu, ka ƙara mata babban tankin ruwa don zafin Afrilu, ka shafa mata fenti ruwan ɗorawa. Ranar da ta tashi, ƙararta ta fito da mata daga madafa. Ka sa mata suna Tsattsewa, kuma kamar yadda ka faɗa, ni na fara roƙo.

Abin da masu surutu ba su sani ba shi ne, ba injin ne ya fi cin ranka ba. Birki ne. Ka cire tsohon birkinta gaba ɗaya ka sa mata na zamani mai faifai, ƙafa huɗu. Kowace Asabar sai ka kwanta ƙarƙashinta ka bi bututun birki da yatsa tun daga gaba har baya. Kana cewa, "Kowane wawa ya iya gudu. Tsayawa ita ce tuƙi." Mu uku ne masu irin waɗannan tsofaffin motoci a Gaya: kai, da ni da na sayi tawa saboda kwaɗayin taka, da Abdulmalik mai kantin magani. Duk Lahadi da safe mukan jera mu tafi Bengu ko Tunuga mu sha iska mu dawo. Kai ne a gaba, kuma sau nawa Abdulmalik ya yi ƙorafin cewa ka mai da mu ayarin jakuna, don ba ka yarda mu wuce tamanin.

Sau ɗaya na san ka sake mata linzami. Daminar 2011 ce, muna hanyar Tunuga, muka tarar da mutane sun ɗauko wata mata mai suna Saratu daga gona, kububuwa ta sare ta a ƙafa, suna jiran amalanke. Ka sauke ni a tsakiyar hanya ba ko sallama, ka kwantar da kujera, aka sa ta, ka ɗaure ta da rawaninka. Ban taɓa jin Tsattsewa ta yi irin kukan da ta yi ran nan ba. Saratu tana raye. Ta zo gaisuwa ranar uku, ta zauna a ƙofar ɗakin Zalika tana kuka har muryarta ta dushe.

Ni kuwa abin da ka yi mini ba ya faɗuwa duka. Da matata ta rasu na rufe kaina a ɗaki wata biyu, ba na son ganin kowa. Ba ka yi mini wa'azi ba. Kullum bayan la'asar sai ka zo ka buɗe bakin motata a tsakar gida, ka yi ta ƙwanƙwasa, can sai ka ɗaga murya: "Mushe, hannuna biyu ne kacal, zo ka riƙe mini nan." In fito in riƙe. Gobe ma haka. Sai daga baya Abdulmalik ya faɗa mini cewa lafiyar motar ƙalau, kai kake kwance abu yau ka ɗaure shi gobe, don dai in fito in ga rana.

Wannan shi ne mutumin da ake kira mai ganganci.

Yanzu ga abin da ya faru. Tun da ka bar jan kamyo, direbobi ke kawo maka motocinsu ka saurara musu, don kunnenka ya fi na makanikai da yawa. Ranar Alhamis, kwana uku kafin rasuwarka, ina zaune a ƙofar gidanka Nazifi ya zo da kamyon da yake ja. Nazifi magidanci ne mai ƴaƴa huɗu, yana yi wa wani attajirin garin nan jigilar rake daga Bengu. Ba zan rubuta sunan attajirin ba, tunda magana tana hannun shari'a, kuma ba wanda bai san shi ba. Nazifi ya ce, "Baba Cha'ibu, birkin nan tsoro yake ba ni. In na taka sai na ji kamar na taka soso."

Ka shiga ƙarƙashi. Da ka fito fuskarka ta sauya. Ka ja ni na leƙa da idona: bututun iskar birki ya tsage, an naɗe shi da guntun robar taya, iska na fita tana shiii kamar maciji. Nan take ka kira mai motar, ka buɗe muryar wayar muna ji.

"Alhaji, motar nan kada ta sake hawa kwalta sai an sauya bututu. Aikin yini ɗaya ne. Ni zan yi da hannuna."

Ya ce, "Rake ba ya jira, Cha'ibu. In an gama kwasa a gyara."

"Alhaji, rayukan mutane ne."

Ya yi dariya. "Ka ji da abin wasanka na yara, ka bar mu da motocin neman abinci."

Ba ka haƙura ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka bi shi har gida, aka ce maka yana hutawa. Ka ce wa Nazifi ya ajiye makulli. Nazifi ya ajiye, aka ce masa akwai mutum goma da ke jiran makullin. Ya ɗauka. Ba na wanke shi, amma na san abin da ke sa uban ƴaƴa huɗu ya sunkuya ya ɗauki makulli.

Ranar Lahadi muka fita kamar kullum. Gab da shiga Bengu, a ƙasan gangaren nan inda mata ke kasa rake da dankali, ka ɗaga hannu muka tsaya, don Zalika ta ce ka sayo mata dankali. Mun sauka daga kwalta gaba ɗaya. Mun kashe injuna. Makullin Tsattsewa yana cikin aljihunka, a can aka same shi da aka zo yi maka wanka. Kana tsugune gaban wata tsohuwa, Nasiba, kuna ciniki kuna raha, sai ka ɗaga kai. Mu ba mu ji komai ba tukuna, kai ka ji. Ka miƙe ka ƙwala ihu: "Ku watse! Ba birki! Ku watse!"

Sannan muka gan shi, kamyon Nazifi, an yi masa lodin rake har ya fi ƙarfinsa, yana gangarowa yana ta oda. Mata suka watse cikin gona. Ni ma na gudu, ba zan ɓoye ba. Nasiba ce ta kasa tashi, gwiwoyinta ba sa ɗaukarta. Ka koma. Ka ɗaga ta ka wurga ta cikin kwari, kuma kafin ka juyo motar ta iso. Ta haɗa da kai da Tsattsewa.

A kujerar motata ka cika, ba mu kai rabin hanyar Gaya ba. Ina tuƙi ina kiran sunanka. Ka buɗe ido ka ce, "Nazifi ya fita?" Na ce ya fita da rai. Ka ce, "Kada a bari a dake shi. Ai ya faɗa musu birkin ba lafiya." Daga nan sai kalmar shahada, sau biyu, ta biyun da ƙyar.

To, ku masu cewa gudu ne ya kashe shi, wane gudu? Motar da ke tsaye, makullinta a aljihu? Mata goma sha ɗaya ne a wurin, ku je Bengu ku tambaye su. Ba ku tambaya ba, domin labarin tsohon da ya ƙi girma ya fi daɗi a baki, kuma ba ya taɓa kowa mai ƙarfi. Shekara da shekaru kuna jin haushin ganin mai furfura yana jin daɗin abin da ya gina da hannunsa, kuna jiran ranar da za ku ce, "Ai mun faɗa."

Duk wannan da na iya haɗiye shi, ba don abin da ya faru ranar uku ba. Mai kamyon ya zo gaisuwa cikin babbar riga, aka matsa aka ba shi tsakiyar tabarma. Bayan an shafa fatiha ya gyara zama, ya girgiza kai, ya ce, "Allah Ya jiƙan Cha'ibu. Mun sha gaya masa motar nan ita ce ajalinsa."

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce, "Alhaji, ina wurin ranar Alhamis. Na ji muryarka a waya. In ka manta abin da ka ce, ni ban manta ba." Ya tattara rigarsa ya fita, wasu suka bi shi suna ba shi haƙuri. Shi ake ba haƙuri.

Da yamma dattawa uku suka same ni. Suka ce na yi abin kunya a gidan makoki, suka ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Na girmama furfurarsu, amma ga amsata a rubuce. Na yi imani da ƙaddara, kuma na san Cha'ibu ba zai ƙara ko numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta masa ba. Sai dai ƙaddara ba zane ba ce da za a lulluɓe sakaci da shi. Wanda aka gaya wa, aka sake gaya wa, aka bi shi har gida, ya zaɓi rakensa, ba shi da bakin ambaton ƙaddara. Kuma yau Nazifi ne kaɗai ke tsare a hannun jandarma, shi kuwa mai motar sauran kamyoyinsa suna hanya, Allah kaɗai Ya san da me aka ɗaure nasu bututun. Gobe ɗan wa za su tarar a ƙasan gangare?

Ni da Abdulmalik mun je wurin jandarma mun ba da shaida, sun rubuta, mun sa hannu. Nasiba ma ta sa aka kawo ta a amalanke ta dangwala yatsa. Duk da haka na yi ta shakkar ko in fitar da wannan takarda, don kada in ƙara wa iyalinka nauyi. Sai jiya na je gaida Zalika, tana cikin takaba, muka yi magana ta bayan labule. Na tambaye ta ko in yi shiru. Ta ce, "Mushe, mutuwar na karɓa, daga Allah take. Ƙaryar ce ban karɓa ba. Jikokinsa za su girma su ji. Ka rubuta."

Ga shi na rubuta.

Ya Allah, bawanKa Cha'ibu ya zo maKa da ran wata a hannunsa, ya bar nasa a hanya. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zalika, da babbar ɗiyarsa Rahina da ƙannenta huɗu, da dukan zuriyar Na'Allah na Gaya da na Yamai, da direbobin da suka rasa mai duba musu mota ba don komai ba. Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu. Allah Ya sassauta wa Nazifi, Ya dubi ƴaƴansa.

Mai kamyon ma ban bar shi babu addu'a ba. Allah Ya ba shi lafiya da tsawon rai, ya tsaya da ƙafafunsa a gaban alƙali, mu kuma muna zaune muna kallonsa.

Allah Ya jiƙanka, Cha'ibu. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Yacuba Sa'idu, Gaya