Barau Wanzami, Mai Mayar da Jini

Haihuwa da tasowa

An haifi Barau a garin Maradun cikin shekarar 1921, sunan mahaifinsa Yari Wanzami, mahaifiyarsa kuwa Marka. Izu biyu ya yi a allo, ya rataya zabira, ya gaji aski da ƙaho da cire haƙori.

Sana'arsa

Tun da ƙuruciya ya lura duk wanda aka cire wa haƙori ya kurkure baki da ruwan kanwa, kamar yadda aka saba, bayan shekaru muƙamuƙinsa kan zaizaye, kumatu su lotsa, mutum ya tsufa ba lokaci ba. A 1966 ya ɓullo da dabararsa: ya yi wa mutum ƙaho, jinin ya daskare, ya cuɗa da zuma, ya cusa a gurbin haƙorin, ya hana kurkura kwana uku. Abokan sana'a suka ce mataccen jini binne shi ake yi, suka laƙaba masa Mai Mayar da Jini.

A 1968 Sarkin Aska ya hana shi, da sharaɗin in ya kawo mutum goma da ƙashinsu bai zaizaye ba bayan shekara goma, a sake masa mara. Kafin hanin, mutum ashirin da uku ya yi wa, duk a ƙauyukan bakin gulbi.

Iyali

Ya auri Kubura a 1944, suka haifi bakwai.

Shekarun dam

Wa'adi na cika a 1978, ruwan dam ɗin Bakolori ya ci ƙauyukan, mutanen da ya yi wa aikin suka watse. Daga nan Barau bai ƙara zama ba: yau kasuwar Talata Mafara, gobe Morai, jibi Garbadu, yana tare mutane yana laluba musu dasashi da ɗan yatsa, har wasu suka ce ya taɓu. Shida sun rasu, uku ƙashinsu ya zaizaye, bai kuwa ɓoye ba. Tara ya samu garau, sauran biyar bai gano su ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba cikin watan Safar, 1983, a Bakura, inda ya bi labarin ta goman, wata Nagode, ashe ta koma Gusau. A Bakuran aka yi masa sutura bayan la'asar.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Suwaiba, Taiba, Abdulwahabu, da Ɗanlami wanda ya gaji zabira, kuma har yau ruwan kanwa yake bayarwa. Allah ya jiƙansa.