Daddawar Inna da Ɗakin Kwano

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da aka kai Inna Rabi makwancinta a Wurma. Ni ce 'yarta Hajara, wadda aka aurar Kurfi. Akwai wata magana tata da na daɗe ina riƙe da ita, don ita ta ce in riƙe, yau kuma zan sake ta a jarida gaban wanda ya san mu da wanda bai san mu ba. Ina rubutun nan kunya na cina. Da tana raye ta ji an buga sunanta a takarda, da ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce na shanya ta a kasuwa.

Inna mai daddawa ce, kuma ba yabon kai ba, daga Wurma har kasuwar Kurfi in aka ce "ta Rabi ce" ciniki ya ƙare. Takan dafa kalwa har ta yi laushi, ta surfe da toka, ta wanke, ta sake dafawa, ta tsane a kwando. Sai ta juye a tsohon masaki, ta rufe da ganye da tsumma, ta kai lungun bayan murhu a ɗakin girkinta, wata 'yar bukkar ƙasa mai jinka da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. A nan kalwa ke kwanciya har ta nuna. Ranar da ta nuna ba sai an yi shela ba, hancin maƙwabta ya riga ya kai musu labari. Mun sha tsokana a dandali, wai ko mun yi wanka warin gidanmu na biye da mu. Masu tsokanar kuwa da daddawar tamu aka kaɗa miyar da suka ƙoshi da ita suka fito.

Yaya Lawal shi ne ɗanta na fari, kuma sai na tsaya na yi wa yaran yanzu bayani. Uwa a lokacinmu tana kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take ce masa. In ya shigo gaisuwa tana amsawa ne idonta na kan tabarma, in tana da saƙo sai ta bakinmu. Kada wani ya ɗauka rashin so ne. Mu sauran mun san wanda ake ajiye wa tsokar da ta fi girma.

Yaya ya koyi kafinta a Dutsin-Ma wurin wani mutumin kudu, Kirista, mai hannu a aikin rufi. A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, sai ga shi da kwano da siminti a bayan mota. Ya ce ya gaji da ganin uwarsa na tari cikin hayaƙi, kuma duk damina jinka na yoyo a kanta. Ya rushe bukkar, ya gina ɗaki a gurbinta, ya dafe ƙasan da siminti, ya hau sama ya buga kwanon da hannunsa, murhu kuma aka fitar da shi rumfa. Shi ne kwano na farko a unguwarmu, har daga Ɗantutture aka zo kallo. Inna ta waiwayo wurina ta ce, "Ki ce ma wancan Allah shi yi mashi albarka." Yana tsaye a gefenmu, ya ji da kunnensa, amma sai da na maimaita.

Kalwar farko da ta kwana a sabon ɗakin ta fito da yauƙi da ɗoyin ruɓa. Ta biyu ta bushe a sama, ƙasanta ɗanye. Inna ta zargi kalwar, ta sauya. Ta zargi ruwan rijiya, ta aika aka ɗebo na rafi. Ta karɓo rubutu ta sha, ko bakin mutane ne. Wani zubin ya ɗan yi dama-dama, ta daka ta ba dillaliya, don mutane sun saba kuma suna jira.

A wani suna a Kurfi na ji sakamakon. An zubo tuwo da miyar kuka, miyar na ɗaci-ɗaci. Wata mata da ba ta san ni ba ta tsame hannu ta ce, "Wagga miya mi aka sa mata?" Aka ce daddawar Rabi ce ta Wurma. Ta ce, "Ai kau hannun Rabi ya mutu. Ko kuma ta hwara cuɗa ruɓaɓɓiyar kalwa, kun san tsuhwa da son abin duniya." Wata ta taɓa ta da gwiwar hannu, ta nuna ni da baki. Wurin ya yi tsit. Na gwammace a ce sun ci gaba da zagin da wannan shirun. Na cinye tuwona tas, har na siɗe kwanon, ban san wa nake yi wa gardama ba, na fito.

Bayan haihuwata ta uku Inna ta zo mini zaman jego, da ƙullin kalwa a ƙasan kayanta. Ta yi aikinta yadda ta saba, ta kai masakin lungun bayan murhuna, don ni har lokacin bukkar ƙasa ce da ni. Da ta buɗe, ƙamshin ya cika gidan har mijina ya leƙo daga zaure. Daddawar da na tashi da ita ce, ba ragi. Na yi tsalle da ɗanyen jikina na ce, "Inna, ashe ɗakin ne! Bari Yaya ya zo in gaya mashi, shi tada maki bukka ko a bayan gida."

Ta mayar da tsumman ta rufe. Ta ce, "Yaro ya hau sama da rana ya yi ma uwarshi ɗaki, gari duk ya gani. Ki ce mashi mi? In aka ga na koma bukka, mi za a ce da shi? Hannuna aka ce ya mutu, to a bar shi a hannuna." Ta sa na yi alkawari. Daddawar ranar a gidana muka cinye ta, ko ƙwaya ba ta fita ba, kuma daga ita Inna ba ta sake dafa kalwa ba har ta koma ga Allah.

Jikata da ta yi karatun kimiyya ta ce wasu halittu ne da ido ba ya gani ke nunar da kalwa, kuma ba su son komai sai ɗumi mai ɗorewa da 'yar laima. Bangon ƙasa yakan sha zafin murhu ya riƙa sakinsa a hankali. Kwano kuwa da rana ya gasa, da asuba ya yi sanyi har ya yi zufa, siminti na zuƙe ɗumin ta ƙasa. Fili ɗaya, kalwa ɗaya, mace ɗaya, amma lungun ya tafi da abinsa. Na ce mata Inna ta gano haka, sunayen ne kawai ba ta da su.

Nakan ce da Inna za ta leƙo Wurma yau, ko ta gane hanyar gida? Ko'ina kwano na walƙiya, ɗorawar da muke tsintar kalwa a gindinta an sare da yawa, jikokinta kuwa sai su ɓare dunƙule daga takarda su jefa a tukunya su ce sun yi miya. Na san ba za ta yi faɗa ba. Za ta buɗe tukunyar, ta sunsuna, ta mayar da murfin a hankali. Wanda ya san ta ya san gara ta zage ka.

Yaya ya rayu yana alfahari da ɗakin nan, yakan ce shi ya hutar da Inna daga wahala. Bara, a ciwonsa na ajali, abinci ya ƙi shiga, na kai masa miyar kuka. Ya kurɓa kaɗan ya ajiye. Ya ce, "Hajara, tun da Inna ta bari ban ƙara shan miya ba. Wai mi ya sami hannunta ne?" Na sami kaina ina kallon tabarma, kamar yadda take yi. Na ce, "Tsufa ne, Yaya." Ya gyaɗa kai ya yi mata addu'a.

Ban gaji sana'arta ba, masakin ma ya fashe tuntuni. Ɗakin kwanon na nan, ko ɗigo bai taɓa yi ba, Yaya gwani ne, Allah ya jiƙansa. Abin da na gada shi ne nauyin bakinta, na kuma ɗauke shi har wanda aka yi dominsa ya tafi da farin cikinsa. Yanzu ba wanda maganar za ta kunyata sai ni da na karya alkawari, kuma na yarda. Matar da ta tsame hannu a wurin suna ta daɗe da rasuwa, amma tana da jikoki a Kurfi, sun kuma iya karatu. To su karanta. Inna Rabi ba ta taɓa cuɗa ruɓaɓɓiyar kalwa ba, kuma hannunta bai mutu ba. Da ransa aka binne shi.