Launin da Rana Ba Ta Taɓa Ba

A garejin Sylvester mai fenti, a Sabon Gari, wani dattijo yana tsaye jikin tsohuwar Fijo. Gajere ne, gemunsa fari fat, hularsa ta Yarbawa ta kwanta gefe guda. Makanikai suna kiransa Baba Fatai na Fagge. Fentin motar ya koɗe, amma ko madubi ba a taɓa sauya mata ba. Da gani shi ya ɓare ta a leda, wataƙila tun wancan mulkin farar hular.

"Baba, soja sun tafi, kowa yana sabunta mota," in ji Sylvester. "Bari in watsa mata baƙi mai walƙiya, in sa baƙin gilashi. Kansila ma sai ya ba ka hanya."

Dattijon ya zagaya bayan motar. Ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar roba. A ƙarƙashinta fentin kamfani yana nan yadda yake, launin madara. Ya goge wurin da hannun riga, ya ɗora yatsa.

"Wannan za ka haɗa min, Oga. Kansila kuwa ya wuce abinsa, ni ba sauri nake ba."