Azumin da na kai garin da rana ba ta faɗuwa

'Yata ce take rubuta wannan, ni ban iya ba. Na ce mata in na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni.

Maigidana ya rasu a nan Greensboro, garin Turawan da muke zaune, da bashin azumi guda a kansa, na ranar da aka kai shi asibiti likita ya tilasta masa shan magani. Ya ce zai rama bayan salla, bai kai ba. Malamin masallacinmu ya ce a ciyar, an ciyar, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ƙudurta sai na yi masa wannan yini da bakina. Yara suka hana, wai ciwon suga, wai zafin bazarar nan.

Da na fita takaba, ɗana da ke aiki a Norway ya aiko a kai ni in huta. Garin Tromso ne, a bakin teku, can ƙarshen duniya. Ya ce ko da rani sai da rigar sanyi. Ina jin haka na ce a raina, to ga wurin azumi, ba ƙishi ba gumi. Ban gaya wa kowa ba.

Na sauka a gajiye, ya kai ni ɗaki mai labule baƙi mai kauri. Da na farka na ga duhu, na ci gurasa da shayi, na ɗaura niyya. Ban ɗaga labulen ba.

Da hantsi ya fita da ni ganin gari. Gidajen katako ne, ja da rawaya, kamar an shafa musu lalle. Ga duwatsu da ƙanƙara a kansu, ga jiragen ruwa, ga Turawa sun tuɓe riga suna shan rana, ni kuwa ina cikin bargo. Ya nuna mini busasshen kifin nan mai kamar itace da muke saye da tsada a shagunan Greensboro, ashe daga yankinsu yake fitowa. Na gaishe shi kamar ɗan unguwa. Wani farin tsuntsun teku ya sauko ya fizge burodi daga hannun wani bawan Allah, mutumin bai ko yi tsaki ba.

Duk inda muka tsaya sai ɗana ya ce, "Mama, ki ci wani abu."

Sai in ce, "Na ƙoshi."

Daga baya muka shiga wani akwati da igiya take ja, ya hau da mu kan dutse. Na rufe ido ina salati har muka kai. A can sama na zauna ina fuskantar rana, dabinona a ƙulle a bakin mayafi. Ta yi ƙasa kaɗan, na ce madalla. Sai ta kama tafiya a gicciye, kamar mai neman abin da ta yar.

Na ce, "Wai yaushe take faɗuwa a garin nan?"

Ya ce, "Sai wata mai zuwa, Mama."

"Ba wata nake tambaya ba, rana."

"Ita nake nufi." Ya dube ni, ya dubi ƙullin mayafina. "Mama, azumi kike yi?"

Na ce na babansa ne, kuma ba zan karya ba, don in na karya ya tafi a banza.

Ya dafe kai. Ya ce Musulmin garin da lokacin Makka suke shan ruwa, kuma a Makka an daɗe da shan ruwa. Na ce ni daga nan ban hango Makka ba, ga rana tana kallona ido cikin ido. Ya kira 'yar'uwarsa, wannan mai rubutun. Na ce ta leƙa taga ta gaya mini ko ta faɗi a Greensboro, in bi tasu. Ta ce ko la'asar ba su yi ba. Ta yi ta faɗa da Turanci, na miƙa masa wayarsa.

Ya zauna kusa da ni, ya ce, "Mama, duk shekarun da kuka yi a Greensboro, kin taɓa ganin faɗuwar rana da idonki?"

Na yi tunani. Gidanmu itatuwa sun kewaye shi, ba a jin kiran salla, agogo kuma ban san kansa ba. Ina kicin, sai maigida ya leƙo ya ce, "Hajiya, sha ruwa, ta faɗi." Ban taɓa fita na duba ba. Da maganarsa nake sha.

Na gaya masa haka, kuka ya ƙwace mini, Turawa suna ta ɗaukar hoton rana a bayanmu.

Ɗana ya miƙe ya tsaya a gabana, faɗin kafaɗunsa irin na uban, inuwarsa ta rufe ni. Ya kwance ƙullin mayafin da kansa, ya sa mini dabino a hannu. Muryarsu ɗaya, ban taɓa lura ba sai ranar.

Ya ce, "Hajiya, sha ruwa, ta faɗi."

Na ce Allah ya kai ladan kabarinsa, na ci. Dabino na biyu kuwa tsuntsun nan ne ya sauko ya ɗauke. Na bar masa, wataƙila shi ma tun wancan watan yake jira.